Yadda za ka cusa wa yaran gidanka son kimiyya da sararin samaniya a Sakkwato

Daren duban watan azumi ne, muna zaune a ƙofar gida a Mabera, rediyo a kunne muna jiran sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi, sai ɗiyata mai shekara takwas ta ja mini hannun riga ta ce, "Baba, ina wata ka zuwa in ya ɓace?" Na ce mata ikon Allah ne. Gaskiya na faɗa, amma ni na san dalilin da ya sa na tsaya a nan: ƙiwuya ce, ina son ta yi shiru in ji labarai. Ta kuwa yi shirun. Abin ya tsaya mini a rai har aka sha ruwa goma, daga nan na fara ware yammacin Alhamis, tunda babu makarantar allo, ina zama da ita da ƙannenta da 'ya'yan maƙwabta biyu. Abin da ke biye shi ne tsarin da na ga ya yi aiki, kuma kusan duk kayan aikin suna cikin gidanka yanzu haka.

Mataki na farko: littafi da fensir

Saya wa kowane yaro littafin rubutu nasa shi kaɗai. Kada a haɗa shi da aikin makaranta, kada kuma ka bi shi da jan biro. A kowane shafi yaro zai sa kwanan wata, ya rubuta abin da yake zaton zai faru kafin a gwada, sannan abin da ya gani bayan an gwada. Ya rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, wanda bai iya rubutu ba ya zana.

Zaton nan da ake rubutawa tun kafin gwaji shi ne gishirin abin. Yaron da ya ce inuwa za ta yi tsawo da tsakar rana, sannan ya ga ta gajarce a gaban idonsa, ba ya mantawa. Kai kuma sai ka koyi riƙe bakinka. In ya yi tambaya, mayar masa: "Kai me ka gani?" In ba ka san amsa ba ka ce ba ka sani ba, ku nema tare. Girmanka ba zai zube ba.

Mataki na biyu: kafa sanda a tsakar gida

Da wannan nake son kowa ya fara, domin rana ce abin da Sakkwato ta fi kowa wadata da shi. Nemi sanda miƙaƙƙiya, ka kafa ta a fili mai laushi yadda mita ɗaya cif zai rage a sama. Ka tabbatar ba ta karkace ba. Ɗaura dutse a igiya ka sake shi kusa da ita kamar yadda magina ke duba gini. Daga ƙarfe goma na safe, duk rabin awa yaro ya ajiye tsakuwa a daidai bakin inuwar, ya auna tsawonta da tef ɗin tela, ya rubuta. A ci gaba har ƙarfe uku. Da bazara kada ka bar su tsaye a rana. Su fito su ajiye tsakuwa su koma rumfa.

Za su ga inuwar tana ja da baya har ta kai iyakar gajartarta, sannan ta fara miƙewa ta ɗaya ɓangaren. Wannan lokacin shi ne zawali, wanda suke ji a bakin malaminsu na Islamiyya a babin lokutan salla. Abin da zai ba su mamaki shi ne a Sakkwato ba ya zuwa da sha biyu daidai, sai wajajen sha biyu da minti arba'in, yana ɗan gaba yana ɗan baya gwargwadon watan da ake ciki. Dalili kuwa, agogon Najeriya an saita shi ne da layin da ya ratsa can gabas da Maiduguri, mu kuma muna yamma, rana na isowa kanmu a makare. Shi ya sa mutanen Borno ke riga mu shan ruwa da azumi. Daga nan sai ka nuna musu La'asar: lokacin da inuwa ta kai tsawon sandar, ƙari a kan inuwar da ta rage da zawali. Da haka kakanninmu suka yi salla a kan lokaci shekaru aru-aru babu agogo.

Kada a cire sandar. A riƙa auna inuwar zawali sau ɗaya a mako, ranar Asabar. A ƙarshen Disamba za ta kai kusan santimita 74, tana fuskantar arewa. Tana ta raguwa har wajajen 24 ko 25 ga Afrilu, ranar da rana ke tsayawa tsaf a kan Sakkwato: inuwar sandar ta ɓace gaba ɗaya, bokiti a tsakar gida ya zama kamar an zana shi. Bayan nan inuwar ta tsallaka kudu, ta kai kusan santimita 18 a ƙarshen Yuni, ta dawo ta sake ɓacewa wajajen 18 ga Agusta, in hadari ya bari a gani. Yaran gidana sun fi ɗokin ranar Afrilun nan a kan komai da muke yi. Tun saura mako suke ƙirga kwanaki.

In kuna da ɗan'uwa a Legas, ku roƙe shi ya kafa irin sandar. Ranar 21 ga Maris, inuwar zawali a Sakkwato za ta kai kusan santimita 23, tasa kuwa wajen 11. Tambayi yaran me ya sa rana ɗaya, sanda iri ɗaya, amma inuwa ta bambanta. Ka bar su su yi ta gardama kafin ka ɗauko lemo a matsayin duniya ka soka masa tsinken ashana biyu, ɗaya a tsakiya ɗaya can sama, ka haska da tocila a matsayin rana.

Mataki na uku: ku bi wata guda daga tsayuwarsa zuwa ɓacewarsa

Ku fara daga daren da aka ga jinjirin wata. Kullum bayan Magariba yaro ya tsaya wuri ɗaya, ya zana siffar watan da inda yake: saman bishiyar dogon yaro, ko kan tankin maƙwabta. Cikin mako guda zai lura watan na ƙaruwa, yana kuma matsawa gabas kowane dare. Daren sha huɗu zai fito daga gabas daidai faɗuwar rana. Bayan nan sai ya fara jinkirin fitowa, kusan minti hamsin kowace rana, har ya zamana sai da Asuba ake ganinsa. A nan ne ɗiyata ta sami amsar tambayarta da kanta: watan bai tafi ko'ina ba, ya koma tafiya kusa da rana ne, hasken rana ya rufe shi, gefensa mai haske kuma ya juya mana baya.

Don abin ya zauna, ku shiga ɗaki ku rufe taga. Ajiye tocila a kan kujera, ita ce rana. Yaro ya soke lemo da tsinke ya riƙe a gabansa, ɗan sama da kansa. Kansa shi ne duniya. Ya riƙa juyawa a hankali yana kallon lemon. Zai ga jinjiri, ya ga rabi, ya ga cikakke, ya ga duhu. In ya sauke lemon ya shiga inuwar kansa, ga husufin wata nan, abin da tsofaffi ke cewa rana ta kama wata, har yara su fita da gwangwani suna kiɗa.

Sai lissafi. Daga jinjiri zuwa jinjiri kwana ashirin da tara da rabi ne, shi ya sa wata ke yin 29 ko 30. A ninka sau goma sha biyu, a sami 354, a cire daga 365. Kwana goma sha ɗayan da suka rage su ne dalilin da ya sa azumin da kakarsu ta yi cikin zafin bazara yake zagayowa ya faɗo cikin hunturu.

Mataki na huɗu: ƙwallo da lemun tsami

Hotunan littafin makaranta suna zana wata dab da duniya kamar maƙwabta. Gyara wannan a filin ƙwallon unguwa. Ƙwallon ƙafa ita ce duniya, babban lemun tsami shi ne wata. Ka ce kowane yaro ya tsaya da lemon inda yake zaton wata yake. Yawancinsu taku ɗaya za su yi. Sai ka auna mita shida da rabi, ka ce nan ne: kilomita 384,000, wato a jera duniya talatin. Rana kuwa, a wannan ma'auni, faɗinta zai kai mita 24, kuma tana can nesa da ku fiye da kilomita biyu da rabi. Haskenta na ɗaukar minti takwas da 'yan daƙiƙu kafin ya iso.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda 'yan sama jannati ke zaune, nisanta da ƙwallon bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Kilomita 400 ne kacal a sama, bai kai tafiyar Sakkwato zuwa Kano ba. Inda ake cewa sararin samaniya ya fara kuwa kilomita 100 ne, kusan Sakkwato zuwa Argungu, in da mota na hawa sama.

Mataki na biyar: daren da aka ɗauke wuta

A shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko kan soro, a kashe kowace fitila da waya na minti goma sha biyar, ido ya saba da duhu. Babu buƙatar fita bayan gari da dare. Sama ta fi kyau daga ɗaukewar damina, Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazon hunturu ya sauko, da kuma daren da ruwa ya wanke ta.

Fara da sunayen da muke da su. Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, tana fitowa gabas da farkon dare a watannin sanyi. A sa yara su ƙirga 'ya'yan, a ga wa ya fi ido. Zara matar wata da ake gani yamma bayan Magariba, da Gamzaki na Asuba, abu ɗaya ne, kuma duniya ce irin tamu mai zagaya rana, ita ce Zuhura. In akwai tsoho manomi a dangi, a kira shi ya yi musu bayanin taurarin damina, yadda ake lissafa su kwana goma sha uku-uku ana sanin lokacin shuka. Zai ji daɗi an tambaye shi, yaran kuma za su gane cewa duban sama ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Tauraron arewa yana da sauƙin nema a nan. Fuskanci arewa, miƙa hannu ka dunƙule, ka ɗora ƙasan dunƙulen a inda sama ta haɗu da ƙasa. Tauraron yana ɗan sama da shi kaɗan, ba shi da haske sosai. Shi kaɗai ne ba ya gusawa duk dare. Tsayinsa digiri 13 ne, daidai nisan Sakkwato daga layin da ya raba duniya biyu.

Tsakanin Magariba da Isha, ko kafin Asuba, za ku ga wani ɗigon haske na tafiya a hankali ba ya ƙyaftawa. Tauraron ɗan'adam ne. Jirgin sama shi ke ƙyafta fitila. Mafi haske a cikinsu ita ce tashar da na ambata, tana zagaya duniya cikin kusan minti casa'in, sau goma sha shida a yini. Manhajar Stellarium a waya za ta nuna maka sunan duk abin da ka ɗaga wayar ka nuna, amma ka bari sai yaran sun nema da ido tukuna. Shawarata kada ka yi gaggawar sayen na'urar hangen nesa mai arha, yawancinsu rawa suke yi su gajiyar da yaro. Madubin hangen nesa mai ido biyu, in ka jingina shi a kan katanga, zai nuna ramukan da ke jikin wata.

A nan ne wani zai tambaya ko da gaske an je wata, domin ya ji kawunsa na cewa ƙarya ce. Kada ka zagi kawun. Faɗa masa abin da ke rubuce: Neil Armstrong da Buzz Aldrin sun sauka a Yulin 1969, mutum goma sha biyu ne suka taka wata zuwa 1972, sun dawo da duwatsu kilo 382 da masana na ƙasashe da dama suka bincika. Cana da Indiya su ma sun saukar da na'urorinsu a can, Indiya a Agustan 2023.

Mataki na shida: roka ta ruwa

Wannan ne ke tara yaran unguwa. Ku fara da balan-balan: zura doguwar igiya cikin bututun shan lemo, ɗaure igiyar tsakanin bishiya biyu, hura balan-balan ka manne ta a bututun da salatif, ka saki. Iska ta fita baya, balan-balan ta yi gaba. Duk wata roka da aka taɓa harbawa a kan wannan ƙa'ida take.

Ga kayan babbar rokar: robar lemo mai gas ta lita ɗaya da rabi, domin ita ke jure matsi, robar ruwa ba ta da ƙarfi, bawul na tsohon tub daga wurin mai faci, tsohon silifa mai kauri, famfon keke, kwali da salatif. Yanka silifan ka fitar da toshi wanda zai shiga bakin robar da ƙyar. Huda tsakiyarsa da ƙusa, ka cusa bawul ɗin ya matse sosai. Yanka fikafikai uku na kwali ka manna su a gefen bakin robar, don bakin ne zai kalli ƙasa. Zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, toshe, haɗa famfo, ka kifa robar tsakanin bulo biyu tana kallon sama. Kowa ya ja baya taku goma, mai bugun famfo ya tsuguna gefe iyakar tsawon tiyo. A yi ta bugawa har toshin ya fice da kansa.

Babba ne zai riƙe famfo a karon farko. Kada kowa ya leƙa kan robar ko da ta ƙi tashi, a kwance famfon daga gefe. A yi a fili, nesa da wayar lantarki da titi. Harbinmu na farko toshin bai matse ba, ruwan ya tsiyaye ya jiƙa mini riga, yara suka yi ta dariya har da faɗuwa. Sai da muka naɗe toshin da guntun tub sannan ta tashi.

Bayan ihun farko ya lafa, a koma ga littafi. A harba babu ruwa, a harba da rubu'i, da kashi ɗaya cikin uku, da rabi, da cike. Wani yaro ya riƙe agogon waya yana auna daƙiƙun da take yi a sama. Abu ɗaya kawai ake canzawa a kowane harbi. In an canza ruwa, kada a taɓa fikafikai, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aikin ba.

Mataki na bakwai: kwalin tarkace

Ajiye kwali guda na kayan da suka mutu: rediyo, tocila, fankar hannu mai caji, motar wasa, da sukudireba biyu. Yaro ya kwance, ya jera sassan bisa tsarin da ya fitar da su, ya zana. Ƙaramin injin da ke cikin fankar, in aka haɗa shi da batir, zai tuƙa motar kara ko ta gwangwani irin wadda yaranmu suka daɗe suna ƙerawa. Hana su fasa batirin waya da buɗe tsohuwar talabijin, suna da haɗari ko ba a jone suke ba.

Randar gida ma darasi ce. A auna sanyin ruwanta da na bokitin roba da ke gefenta, a tambayi dalili. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin yumɓu yana bushewa ya tafi da zafi. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yara za su iya haɗa tasu da yamma ɗaya, su sa tumatir a ciki da wani a waje, su ƙirga kwanaki. Ke kuma uwa, kada a ce 'yan mata su tafi wanke-wanke lokacin da aka buɗe kwalin. A gidana wadda ta fi kowa haƙurin mayar da sukurori mace ce.

Mataki na takwas: labaran da suka shafe su

Yaro na son ya ji wani irinsa ya yi. Jelani Aliyu a Sakkwato ya yi firamare da sakandare, yana yaro mai son zanen motoci, ya je Amurka ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Najeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a Satumban 2003, kuma NigeriaSat-X da aka harba a 2011 injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi a Ingila. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je sararin samaniya a 1985, Rayyanah Barnawi kuma, 'yar ƙasar, ta je a 2023. A Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, cikin jihar Katsina ta yanzu, bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito. Ƙasar da muke takawa ma tana da nata: a zamanin da can teku ne ya rufe yankin nan, shi ya bar farin dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina, kuma akwai wata dabbar teku da ta ƙare wadda masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus, saboda a ƙasar Goronyo aka tono ƙasusuwanta. In kana da hanya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, nemi izini ka kai su cibiyar binciken makamashi su ga murhun da ke girki da hasken rana.

Ka kuma sa su rubuta wannan a shafin ƙarshe na littafinsu: Litinin, 2 ga Agusta 2027. Ranar za a yi husufin rana wanda zai rufe ta ruf a Makka da Jidda, mu a nan za mu ga wata ya ci wani yanki nata da hantsi. Kada kowa ya kalli rana kai tsaye, ko da baƙin tabarau ne ko tsohon hoton asibiti, ido na ƙonewa ba tare da an ji zafi ba. A huda kwali da allura, a juya wa rana baya, a bar hasken ya ratsa hudar ya sauka a farar takarda. Matsamin taliya ma ya isa, kowace huda za ta zana ƙaramar rana mai gutsure a ƙasa, haka nan hasken da ke ratsowa ta ganyen dogon yaro. Ku gwada kwalin tun yanzu a ranar da babu husufi, don hannu ya saba kafin lokacin.